Kwamfuta ta ƙi karanta Hilux bayan an saka tiraka: ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2017 mai shan fetur, da ita nake jigilar kaya tsakanin Gusau da ƙauyuka. Wata biyu da suka wuce na sa aka saka mata tiraka saboda ɓarayi, aka kuma cire rediyonta aka sa babban allo irin na Android. Tun daga lokacin, in ta kwana biyu ko uku ba a tayar da ita ba sai batir ya mutu. Wani lokaci kuma ina cikin tafiya fitilar cek injin da ta burki su kama, allurar mita ta faɗi sannan ta dawo. Na kai ta gareji an jona kwamfuta a soket ɗin ƙasan sitiyari, kwamfutar ta kunnu amma ta ƙi karanta motar. Bakanike ya ce biren bos ne ya lalace, sai an sayi wani. Shin haka ne, ko akwai abin da ya kamata a duba tukuna?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku ne suka taru a motarka: batir yana zubewa idan ta kwana, fitilun gargaɗi suna kamawa allurar mita tana faɗuwa kana cikin tafiya, sannan kwamfutar gwaji tana kunnuwa idan an jona ta a soket amma ta kasa magana da motar. Kuma duk ukun sun fara ne bayan an sa hannu a wayoyin motar don saka tiraka da allo. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi biren bos, wato ƙwaƙwalwar injin, yanzu. Motar da take tashi da safe, ta ɗauki kaya ta je ƙauye ta dawo da ƙafarta, ƙwaƙwalwar injinta tana raye, domin ita ce take ba fulogi umarnin wuta, ita ce kuma take auna man da ke shiga injin. Da ta mutu ɗungurungum, da injin bai ko yi tari ba. Akwai yiwuwar ɓangaren sadarwarta kaɗai ya ƙone, kuma zan zo kan wannan, amma shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke wayoyi da kayan da aka ƙara daga laifi. A shekarun da na yi ina aikin rewaya, motocin da aka kawo mini da irin wannan labari mafi yawansu sun tafi gida da biren bos ɗinsu na asali.

Abin da ke cikin soket ɗin

Soket ɗin da ke ƙasan sitiyari sunansa OBD-II, Toyota kuma a littattafanta tana kiransa DLC3. Amurka ce ta wajabta shi a kan ƙananan motoci da a-kori-kura tun daga ƙirar 1996, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur da 2004 ga na dizal, daga nan ya zama ruwan dare a duniya. Yana da ramuka 16 a jere biyu. Idan ka leƙa shi gefen da ya fi faɗi yana sama, jeren sama daga hagu zuwa dama shi ne 1 zuwa 8, na ƙasa kuma 9 zuwa 16. A motoci da yawa a kife aka ɗaura shi, don haka a tabbatar da gefen kafin a fara ƙirga, domin na sha ganin yaro yana auna rami na 9 yana zaton na 16 ne, ya taso ya ce babu wuta.

Ramuka biyar ne suka shafe mu. Na 16 yana ɗauke da wutar batir kai tsaye, dare da rana, ko an zare makulli. Na 4 shi ne at na bodi, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, na 5 kuma at na sigina. Na 6 da na 14 su ne wayoyin sadarwa da ake kira CAN, na 6 na sama, na 14 na ƙasa. A tsofaffin motoci akwai na 7, wanda ake kira layin K, kuma wasu tsofaffin Ford da GM suna amfani da na 2, Ford ta haɗa da na 10, amma a motarka ta 2017 magana tana kan 6 da 14.

Waɗannan wayoyi biyu ba na soket kaɗai ba ne, kuma a nan ne yawancin masu saka kaya suke yin kuskure. Ƙwaƙwalwar injin, da ta burkin ABS, da allon mita, da ta jakar iska, da sauran ƙananan akwatunan motar, duk a kan irin wannan layi suke musayar saƙo, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Allurar da ke nuna maka juyin injin ba ta da waya tata zuwa injin, saƙo take jira ta wannan layi. Shi ya sa da ka ce allura tana faɗuwa ta dawo, fitilu da yawa kuma suna kamawa lokaci guda, hankalina ya tafi kan layin sadarwa, domin da wuya injin da burki su lalace a daƙiƙa ɗaya kuma su warke a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne maganar ce take yankewa a tsakaninsu. An yi soket ɗin ne don a jona kwamfuta na ɗan lokaci a cire, amma da yake yana da wuta da at da layin sadarwa wuri guda, kuma hannu yana kaiwa ba tare da an kwance komai ba, sai ya zama wurin da kowane mai saka kaya yake fara kai wuƙarsa.

A fara da wuta da at

Ka ce kwamfutar ta kunnu, wannan yana nuna akwai wuta a rami na 16, amma bai isa shaida ba. Kwamfutoci da yawa suna da batir nasu a ciki, suna kunnuwa ko soket babu wuta ko kaɗan. Saboda haka a sa mitar awon wuta tsakanin 16 da 4, sannan tsakanin 16 da 5. Dole a ga abin da ke kan batir, wato kusan volt 12.6 idan batir a cike yake injin a kashe. Idan babu komai a duka biyun, a duba fiyus. A yawancin Toyota akwai ƙaramin fiyus da aka rubuta wa OBD, mai amfiya 7.5, a wasu a-kori-kura na Amurka kuwa soket ɗin fiyus ɗaya yake da wurin kunna taba, ta yadda cajar waya mara kyau takan kashe shi. Idan an sami wuta da 4 amma babu da 5, ko akasin haka, to wayar at ɗaya ta tsinke, kuma wasu kwamfutoci ba sa karatu sai duka biyun suna nan.

Mita tana iya yaudara a nan. Waya mai zare ashirin da ta tsinke saura zare ɗaya za ta nuna volt 12 cif, domin mita kusan ba ta jan wuta. Abin da nake yi shi ne in jona ƙaramin ƙwan fitila tsakanin 16 da 4, in auna yana kunne. Idan ƙwan ya yi ja-ja ko lambar ta faɗi, akwai wurin da wuta ke shaƙewa. Haka nan nakan auna tsakanin rami na 4 da kan batir na negatif makulli a kunne, kuma abin da nake so in gani bai wuce volt 0.1 ba. Wannan ƙwan fitila na wuta da at ne kawai, kada a kuskura a taɓa 6 ko 14 da shi.

Sai a haska tocila cikin ramukan. Kowane rami yana da ɗan ƙarfe mai matse fil ɗin kwamfuta, kuma idan an saba cusa masa bakin mita mai kauri, ko an bar wata na'ura tana lilo a jikinsa wata da watanni a kan hanyar ƙauye mai gargada, ƙarfen yakan buɗe ya daina kamawa. Wani lokaci ma fil ɗin yakan tura ƙarfen baya ya fice daga mazauninsa. Ana gwadawa da siririn fil mai kaurin na kwamfuta: a sa a ja, a ji ko yana riƙewa daidai da na sauran ramuka. Ka roƙi mai rewaya ya riƙa aunawa ta bayan soket, inda wayoyi suka shiga, ba ta gaba ba. Ƙurar hunturu da danshin damina kuma sukan bar kore-kore a jikin ƙarfen, musamman a motar da ake wanke cikinta da ruwa.

Lambar da nake fara nema: om 60

Idan wuta da at sun fita lafiya, sai a koma kan 6 da 14, kuma wannan gwaji shi ne ya fi kowanne amfani a matsalarka. An murɗe wayoyin nan biyu tare kamar tufkar igiya don kada hayaniyar wutar mota ta shiga saƙon, kuma a kowane ƙarshen layin akwai rezisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 120 (om shi ne ma'aunin ƙarfinsa). A yawancin motoci ɗaya yana cikin ƙwaƙwalwar injin, ɗayan yana cikin allon mita ko wani akwati. Biyun idan suka haɗu a kan layi ɗaya sai mita ta ga rabi, wato om 60. Toyota a littattafan gyaranta tana karɓar abin da ke tsakanin 54 da 69.

Ana yin gwajin ne makulli a kashe, an cire kan batir na negatif, an ɗan jira. Kafin a cire batir, idan akwai wata hanya da za a karanta lambobin kuskure, a karanta a rubuta su a takarda. Sannan a tuna cewa tiraka da yawa suna da ƙaramin batir a ciki, wanda yake ci gaba da ba su wuta bayan an cire na mota, kuma hakan yakan rikita awon. Idan lambar tana rawa ta ƙi tsayawa, wannan kansa alama ce cewa akwai wani abu mai rai a kan layin.

Idan an ga 60, layin bai tsinke ba kuma bai haɗe ba, aƙalla a wannan lokacin. Idan an ga 120, mita rezisto ɗaya take gani, ma'ana layin ya yanke a wani wuri ko an bar wani soket a cire, abin da yakan faru idan an kwance allon mita ko rediyo ba a mayar da soket ya zauna daram ba. Idan an ga kusan 40, an ƙara rezisto na uku, domin 120 sau uku a kan layi ɗaya 40 suke bayarwa, kuma wannan kusan kullum na'urar da aka ƙara ce ta zo da nata. Idan an ga kusan sifili, wayoyin biyu sun taɓa juna. Idan kuma mita ta nuna babu haɗi ko kaɗan, to reshen da ya zo soket ɗin ne ya tsinke, kuma a irin wannan hali mota tana tafiya lafiya ƙalau, kwamfuta ce kaɗai ba ta samun shiga. Bayan wannan a auna 6 da 4, da 14 da 4, da kowannensu da 16, don a tabbatar babu wadda ta taɓa bodi ko wayar wuta.

Tunda matsalarka zuwa take yi tana tafiya, kada a tsaya a kan awo ɗaya. A bar mita a jone, mutum ɗaya yana kallonta, wani yana girgiza damin wayoyin da ke ƙasan sitiyari, da bayan allo, da inda aka ɓoye tiraka. Wurin da aka taɓa lambar ta yi tsalle, nan ne ciwon yake. Daga nan a mayar da batir, a kunna makulli, a auna volt: a layi mai lafiya mita takan nuna ɗan sama da 2.5 a rami na 6 da ɗan ƙasa da 2.5 a na 14, jimillarsu kusan 5. Idan ɗaya ya nuna sifili ko 12, ko duka biyun sun tsaya a lamba ɗaya ba motsi, an sami inda za a bi.

Inda masu saka kaya suke ɓata aiki

Tiraka iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda ake cusawa kai tsaye a soket, akwai kuma wadda ake ɓoyewa a jona ta da wayoyi, yawanci tare da rile, wato ɗan makunnin lantarki, da ke yanke famfon mai ko wayar kik idan an aika mata saƙo. Ta farko wani lokaci ana sa mata waya mai reshe biyu, a ɓoye soket na asali a bayan dashbod, a ɗaura na bogi a wurinsa don kada ɓarawo ya lura. Don haka abu na farko da za ka tambaya shi ne ko soket ɗin da aka jona kwamfuta a kai shi ne na asali. Idan na reshe ne, a cire shi gaba ɗaya a jona kwamfuta a na motar. Irin waɗannan wayoyi masu araha wasunsu ba a haɗa duk ramuka 16 a cikinsu ba, kuma ko da an haɗa, na'urori biyu da ke tambayar ƙwaƙwalwar mota lokaci guda sukan katse wa juna magana.

Wata rana aka kawo mini wata Hilux ta wani mai sayar da hatsi da irin wannan ciwo, har an riga an yi masa cinikin biren bos na gwanjo. Na auna 6 da 14 na ga 60, na girgiza wayoyi sai lambar ta faɗo zuwa om 3 ta koma. Da na kwance murfin ƙasan sitiyari na warware salatif, sai na tarar an fere wayoyi huɗu da reza a wuri ɗaya, an naɗa wayoyin tiraka a kansu da hannu, babu dalma, babu komai, an rufe su da salatif ɗaya. Zafin rana ya narkar da gam ɗin salatif ɗin ya zame, wani siririn zaren tagulla daga waya ta 14 ya miƙe yana shafar ta 6 duk lokacin da mota ta faɗa rami. Zaren nan bai kai kaurin gashin gemu ba. Na yanke wurin, na haɗa kowace waya da dalma, na sa mata rigar roba mai tsukewa da zafi, na mayar da murɗin wayoyin kamar yadda yake, kwamfuta ta karanta motar nan take. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tirakar ba ta ma buƙatar layin sadarwa, wuta da at kawai take so, mai sakawar ya ga wayoyi ne ya jona duk abin da ya zo a kwalin.

Wannan ya kawo mu kan wani kuskure da ake yi wajen gwaji. Bakanike yakan zare tiraka daga soket ɗinta ya ce ya cire ta amma matsala tana nan, don haka ba ita ba ce. Zare na'ura daban, mayar da waya yadda take daban. Idan ɓarnar tana wurin da aka fere waya, ko a rile da aka yanka wayar famfon mai aka sa, to tana nan ko an jefar da tirakar. Sai an bi kowace waya da aka ƙara har inda aka jona ta, an warware, an duba da ido.

Shi ma allon Android abin zargi ne. Yawancinsu suna zuwa da wani ɗan akwati da ake jonawa a layin sadarwa don maɓallan sitiyari su yi aiki, allon ya riƙa nuna buɗewar ƙofa da makamantansu. Idan akwatin ba na wannan ƙirar mota ba ne, ko an juya wayar sama da ta ƙasa, yakan cika layin da shirme. Sannan allon yana da wayoyin wuta biyu, rawaya ta batir da ja ta makulli, kuma wasu masu sakawa sukan haɗe su wuri ɗaya a kan wutar batir don allon ya riƙa tashi da sauri. Fuskarsa takan yi duhu ka ɗauka ya mutu, alhali cikinsa yana aiki har gari ya waye. Tunda kaya biyu aka saka maka, a cire su ɗaya bayan ɗaya, ana awo bayan kowanne, don a san wanne ne mai laifi. Kuma duk wanda zai yi aiki a ƙasan sitiyari ya nisanci soket da wayoyi masu rigar rawaya na jakar iska, ya kuma jira daƙiƙa 90 bayan cire batir kafin ya taɓa kusa da su, kamar yadda Toyota ta tanada.

Zubewar batir

Mota irin taka ba ta mutuwa gaba ɗaya idan an zare makulli. Akwatunanta sukan ɗauki mintuna suna rufe aiki, sannan su yi barci, kuma a lokacin abin da take ja daga batir bai kamata ya wuce miliyamfiya 50 ba (miliyamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Na'urar da ke ci gaba da aika tambaya a layin sadarwa tana hana su barcin, don haka ba wutar da ita kanta take sha ba ce matsalar, wutar da take sa sauran su sha ce. Ka yi lissafi: idan mota tana jan miliyamfiya 300 a tsaye, a awa 24 ta sha amfiya-awa 7.2, a kwana uku ta haura 21. Batir mai amfiya-awa 70 da zafin ƙasarmu ya riga ya ci ƙarfinsa ba zai juya kik ba bayan wannan, kuma kwana biyu zuwa uku da ka ambata sun yi daidai da irin wannan lissafi.

Ana aunawa ne ta sa mita a tsakanin kan batir na negatif da wayarsa, a ramin amfiya 10, a danne maƙallin ƙofa da sukudireba don mota ta ɗauka ƙofa a rufe take, a kashe komai, a jira kamar rabin awa zuwa minti 45. Kada a taɓa kik mita tana jone, fiyus ɗinta zai tashi nan take. Idan lambar ta ƙi sauka, hanyar da aka saba ita ce zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, sai dai mayar da fiyus yakan tayar da akwatin da ya yi barci, a koma jira daga farko. Ni na fi son in auna milivolt a kan ƙusoshi biyu da ke bayan kowane fiyus ba tare da na zare shi ba, domin wanda wuta ke bi ta cikinsa zai nuna wani abu, wanda babu komai zai nuna sifili. A kuma gwada batir ɗin kansa, tunda batir da ya mutu ƙurmus sau da yawa a wata biyu ya riga ya raunana, sannan a tabbatar caji yana tsakanin volt 13.5 da 14.5 injin yana aiki. Batir mai rauni shi kaɗai yana iya sa fitilu su kama lokacin tayarwa.

Idan kwamfuta ta fara karatu

Za a ga lambobi da yawa, kada su firgita ka. Waɗanda suka fara da harafin U na sadarwa ne: U0100 yana nufin an rasa magana da ƙwaƙwalwar injin, U0121 da ta burkin ABS, U0155 da allon mita, U0073 kuma layin ne kansa ya ɗauke. Mutane da yawa suna ganin U0100 sai su ce ga shaida biren bos ya mutu, alhali lambar cewa take yi wani akwati bai ji muryarsa ba, ba ta faɗi dalili ba. Idan kowa yana ƙorafi a kan kowa, layin ne. Idan kowa yana ƙorafi a kan akwati ɗaya, shi kuma ya yi shiru, sai a duba wutarsa da at ɗinsa da soket ɗinsa kafin a yanke masa hukunci. A rubuta lambobin, a goge, a yi tafiya a hanya mai gargada, a sake karantawa a ga waɗanda suka dawo.

Ita ma kwamfutar a gwada ta a wata mota. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ake haɗawa da wayar hannu, waɗanda aka kwaikwaya daga ELM327, da yawansu ba su da inganci, kuma motocin da aka ƙera don kasuwannin da ba Amurka ko Turai ba, ba kullum suke amsa wa kowace na'ura ba. Manhajar Toyota ta kanta, Techstream, ko babbar kwamfuta da ta san Toyota, ita ce za ta nuna maka jerin akwatunan da ke magana da waɗanda suka yi shiru.

Yadda za a mayar da tiraka

Ban ce ka rabu da tiraka ba, domin dalilin da ya sa ka saka ta dalili ne na gaske. Kafin a taɓa ta, ka sanar da kamfanin da ya saka, saboda cire wuta yakan aika musu ƙararrawa, kuma wasu sukan kashe mota daga nesa idan sun zaci sata ce. Idan za a mayar, a ɗauko mata wuta daga akwatin fiyus da nata ƙaramin fiyus kusa da inda aka ɗauko, a ɗaure at ɗinta da noti a jikin ƙarfen bodi mai tsabta, a bar 6 da 14 su huta sai idan aikinta yana buƙatar karanta bayanan injin. Idan akwai rile na yanke mai, a haɗa shi da dalma ko matsi mai kyau, domin duk wutar famfon mai ta nan take bi, kuma haɗin da ya yi sako-sako a wurin yana iya kashe maka mota a tsakiyar hanya. Ni na fi natsuwa da rile a kan wayar kik, wanda yake hana mota tashi amma ba ya kashe ta tana gudu da kaya. Ka sa a nuna maka inda aka jona kowace waya, ka ɗauki hoto ka ajiye a wayarka.

Ban ga motarka ba, kuma launin wayoyi da wurin fiyus suna bambanta tsakanin Hilux da aka ƙera don kasuwanni daban-daban, don haka zanen wayoyi na ainihin ƙirarka shi ne abin bi. Mita kuma tana da iyaka: matsakaicin volt take nunawa, ba ta ganin siffar saƙon, kuma a sababbin motoci masu akwatin da ke tsakanin soket da sauran layuka, om 60 a soket yana ba da labarin reshe ɗaya ne kawai. Idan an cire kayan duka biyu, an mayar da wayoyi, wuta da at da om 60 sun fita daidai, amma ƙwaƙwalwar injin ita kaɗai ta ƙi amsawa, to a nan ne zargin bakanikenka zai fara samun ƙafa, musamman idan an taɓa juya kan batir wajen jona waya da wata mota, ko an yi walda a bodi batir yana jone, ko wayar wuta ta taɓa layin sadarwa lokacin saka kaya. Ko a lokacin, a kai ta wurin mai na'urar da ke zana siginar a allo, ya auna a bakin soket ɗin ƙwaƙwalwar kanta. Ka kuma sani cewa idan motarka tana da makulli mai lamba, biren bos na gwanjo ba zai tayar da ita ba sai an daidaita shi da makullin, wanda wani kuɗin ne daban. Idan ka koma gareji, ka sa a rubuta maka volt na 16 da 4, da na 16 da 5, da om na 6 da 14, da miliyamfiya da motar ke ja bayan minti 45, ka aiko mini da su in duba.